Darasi na Tara: Sayar da Kayan Gida Kafin Tashi

Tashi daga gida yana cin kuɗi. Mai a-kori-kura sai ya duba yawan kaya da nisan tafiya kafin ya yanka farashi, 'yan dako ma da nasu. Sau da yawa mutum yakan biya kuɗin ɗaukar tsohon kabad, a isa sabon gida a tarar ɗakin ba zai ci shi ba. Shi ya sa rage kaya kafin ranar tashi yake da amfani, kuɗin da aka samu ya shiga hayar mota. A Amurka akan baza irin waɗannan kaya a farfajiyar gida, galibi ranar Asabar, masu wucewa su saya. Mu nan muna da dillalai da 'yan gwanjo da maƙwabta, muna da zaure da tsakar gida.

Kafin a taɓa komai, a fara tambaya: kayan nan na wane ne? A nan ake yawan samun rigima. Gado da katifa da kwanuka da tangaran da iyayen mace suka yi mata jere da su, nata ne. Maigida ba shi da ikon sayar da ko cokali ɗaya daga ciki sai da yardarta, in ta yarda kuma kuɗin hannunta zai shiga. Kada matsin tashi ya sa a tilasta mata. Kayan ɗaki su ne ajiyar mace, su take waiwaya ranar da lalura ta taso. Haka nan ba a sa kayan gadon da ba a raba ba a kasuwa, balle in akwai marayu a ciki. Turmin da aka aro a maƙwabta a mayar, abin da wani ya ba da ajiya a kira shi ya karɓa. Fanka ko tankin ruwan da kuka tarar a gidan haya kuwa na mai gidan ne.

Yanzu karatunku zai yi aiki. Ku ɗauki littafi, ku ja layi ya raba shafi gida huɗu: sunan kaya, mai shi, kuɗin da za a sa, da kuɗin da ba za a sallama ƙasa da shi ba. Wannan na ƙarshe sirrinku ne. Kafin ku rubuta farashi, ku leƙa kasuwa ku ji yadda ake sayar da na hannu. Mutumin Kano zai iya zuwa Kasuwar Rimi don kayan ɗaki, ko Ƙofar Wambai don tufafin gwanjo. Mai saye ba ruwansa da nawa kuka saya da, yanayin kayan yau yake kallo.

In dillaliya za ku ba, ku daidaita la'adarta tun kafin ta ɗauka, ku rubuta abin da ta fita da shi da ranar da za ta kawo kuɗi.

Ku sa ranar sayarwa kamar mako biyu kafin tashi, in da hali a ƙarshen wata lokacin da albashi ya shigo. Ku sanar da mai unguwa, maƙwabta kuma su fara ji kafin bare. Kayan maza a zaure ko ƙofar gida, na mata a tsakar gida, don kada baƙin maza su riƙa kutsawa ciki. A wanke komai, a lalube aljihun riguna da durowa, saboda takardar haihuwa da katin zaɓe sukan ɓuya a can. Wayar da za a sayar a cire mata layi, a goge duk abin da ke ciki.

Ku faɗi aibin kaya da bakinku. In firiji ba ya sanyi sosai, ko keken ɗinki yana tsinka zare, mai saye ya sani kafin ya taya. Ɓoye aibi ha'inci ne, addini ya hana. In tayi bai kai ba, a ce "albarka" cikin fara'a.

Mutum ɗaya ne zai riƙe kuɗi da littafi. Kada a ba da bashi, domin wanda ya bar unguwa bin bashi wuya yake masa. Mai son babban kaya ya ba da kafin alƙalami, a rubuta, a sa ranar cikawa. Mai tura kuɗi ta waya kuma, kada ku dogara da hoton da zai nuna muku, ku duba asusunku ku ga sun shiga sannan kaya su fita. Ƙarafan da suka rage 'yan jari-bola za su auna su biya, tufafi masu kyau a ba mabuƙata.

Aikin gida

Wata mata ta sayar da katifa ₦25,000, risho ₦4,000, kwalla ₦6,000. Ta ba dillaliya la'adar ₦2,000. Nawa ya rage mata? In mai mota ya nemi ₦20,000, kuma ta yarda ta taimaka wa maigida da rabi, nawa za ta ajiye?

Ku rubuta sunayen kaya biyar na gidanku, a gaban kowanne ku sa sunan mai shi. Ku zo da littafin aji na gaba.