Kafin ka shafa wa dutsen gininka banish

Abin nan yana damuna wallahi. Mutum zai kashe kuɗi ya manna dutse a katangar gidansa, mai fenti ya ce a shafa banish don ya yi ƙyalli, damina biyu kawai sai ka ga fuskar dutsen tana ɓarewa kamar ɓawon albasa, ga wani farin gari na zubowa.

Shi dutse akwai 'yan ƙananan ƙofofi a jikinsa da ido ba ya gani, ta nan yake shan ruwa, ta nan kuma yake fitar da shi. Dutsen giranait irin na Mpape da ke Abuja ƙofofinsa ba su cika wuce kashi 1 cikin 100 ba, amma dutsen yashi yana iya kai kashi 20 ko fiye. To banish da fenti mai ƙyalli toshe ƙofofin suke yi ta waje, danshin da ya taso daga ƙasa sai ya rasa hanyar fita, gishirin da ya ɗauko ya daskare a ƙarƙashin shafin yana tura dutsen har ya fasa shi.

Fara da gwaji. Ɗiga ruwa a kan dutsen, in ya tsotse shi nan take ya yi duhu yana buƙatar kariya, in ruwan ya zauna abinsa ka bar kuɗinka a aljihu. Sannan ka manna leda a bangon da salatif ta kwana, in ka tarar da gumi a cikinta da safe to akwai danshi, kada ka shafa komai tukuna, nemo inda ruwan ke shigowa, ko indararo ne ko fanfo mai yoyo, ka gyara.

Maganin kariyar da za ka saya a maimakon banish, ka duba jikin galan ɗin ka ga an rubuta silane ko siloxane. Shi wannan shiga yake yi ciki ya lulluɓe bangon ƙofofin ba tare da ya cike su ba, ruwan sama ya gangare, tururi kuma ya fita.

Da rani ake aikin. Wanke dutsen da burushi da ruwa zalla, ban da asid musamman in mabul ne, cinye shi yake yi. Bar shi ya bushe sosai, gwada a wani lungu ka ga ko launi ya canza, sannan ka shafa da sassafe kafin bango ya ɗau zafi, ka goge rarar da ta tsaya a sama kafin ta bushe. Duk shekara kafin ruwan farko ka sake gwajin ɗigon ruwan, ranar da ka ga ya koma tsotsewa sai ka maimaita shafin.