Darasi na 7: Gwajin Leƙa Hanji

Mutane da yawa idan suka ga jini a bayan gida sai su ce, "Ai basir ne," su nemi jiƙo. Wani lokaci basir ɗin ne. Wani lokaci kuwa sankarar babban hanji ce, cutar da ta kashe mutum sama da 900,000 a duniya a shekarar 2020.

Wannan cuta ba rana ɗaya take zuwa ba. Tana farawa da ɗan tsiro a bangon hanji, wani bai fi ƙwayar wake ba, kuma ba ya ciwo. Yakan yi kusan shekara 10 kafin ya rikiɗe. Gwajin leƙa hanji, wanda likitoci ke kira kolonoskofi, shi ke gano tsiron, a cire shi nan take. Ana son wanda ya kai shekara 45 zuwa 50 ya tuntuɓi likita ko da lafiyarsa lau, musamman idan cutar ta taɓa kama wani a danginsa.

To me ke hana mutane zuwa? Tsoro da kunya.

Ba tiyata ba ce, ba a yanka ciki. Za ka kwanta a gefen hagu, a rufa maka zane, wurin aikin kawai ake buɗewa. Yawanci ana yin allurar da ke sa gyangyaɗi. Likita zai zura siririn bututu mai laushi, kaurin yatsa, mai fitila da kyamara, ta dubura, yana kallon hanjin a allo. Minti 30 zuwa 60 an gama. Cire tsiron ba ya zafi. Abin da za ka ji daga baya kumburin ciki ne, don ana hura iska, kuma da ka yi tusa zai sauka.

Kunya gaskiya ce, ba a raina ta. Amma neman lafiya lalura ce. Mace tana iya tambaya tun ranar farko ko akwai likita mace, ko ta nemi nas mace ta tsaya kusa da ita.

Wahalar ma tana jajibirin gwajin. Za a ba ka maganin wanke ciki, ka yi ta zawo har ya koma ruwa garau. Sha ruwa sosai, da shayi ba madara, da tataccen romo. Kada ka sha zoɓo, don jansa yana kama da jini a idon likita. Mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun da wuri.

Zo da ɗan rakiya, ba a tuƙi ranar. Idan ciki ya murɗa sosai, ko zazzaɓi ya zo, ko jini ya ƙi tsayawa, koma asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Tambayoyi:
1. Me ya sa ba a shan zoɓo kafin gwajin?
2. Wa kake ganin ya kamata ya ji wannan darasi a gidanku?