Darasi na 9: Zaɓen Katako Don Sauya Wuyan Jitar Bes

Wani makaɗi ya shigo shagon kafinta a Katsina riƙe da jitar bes, wato babbar jita mai tsirkiya huɗu, mai kaurin amo. Wuyanta ya gantsare kamar baka. Yaron shago ya ɗauko katako daga cikin waɗanda aka sauke jiya, ya ce, "Maigida, ga wannan mai kyau, sumul." Maigidan ya ɗaga, ya ji nauyinsa, ya shinshina, ya ce, "Mayar da shi, ɗana. Wannan da ruwansa ya taho daga Kudu."

A kan wannan magana darasinmu ya tsaya. Wuyan gurmi ko na garaya sanda ce, in ta lalace a sassaƙo wata. Wuyan bes dabam yake. Tsirkiyoyinsa na ƙarfe ne masu kauri, suna jan sa dare da rana da ƙarfin da ya kai nauyin buhun siminti har ya ɗara. Ga shi dogo: a yawancin bes, tsirkiya tana da inci 34 daga inda ta tashi a kai, wato saman wuya, zuwa inda ta sauka a gangar jikin jitar. Katakon da bai bushe ba, da hunturu ya buso sai ya murɗe.

To, yaya za ka san ya bushe? Masu ƙera jita suna son danshin katako ya sauka zuwa kashi 6 ko 8 cikin ɗari, kuma akwai na'urar awon haka. In ba ka da ita, sikeli ya ishe ka. Ka shafa fenti ko narkakken kyandir a bakunan katakon biyu don kada su tsage. Ka ajiye shi a inuwa, bisa 'yan sanduna, iska tana ratsawa, nesa da gara. Duk ranar Juma'a ka auna, ka rubuta a littafinka. Idan makonni suka shige nauyin bai ragu ba, ya bushe. Kada ka shanya shi a rana don gaggawa, tsagewa zai yi.

Sai jijiya. Ka ɗora ido a baki ɗaya ka hango ɗaya bakin, yadda ake duba miƙewar sanda. Jijiyar ta tafi sambal daga kai har gindi. In ka ga kulli, ko jijiya ta karkace ta fita gefe, bar shi a yi kujera da shi. Ka kuma duba bakin da aka yanka: idan layukan suna tsaye kamar haƙoran mataji, ya fi wanda layukansa ke kwance jure lanƙwasa.

Game da iri kuwa, tun da kamfanin Fender na Amurka ya fitar da bes ɗinsa a 1951, itacen da ake kira mapul ne ya yi fice a wannan aiki. Ba ya fitowa a ƙasarmu. Kamfanin Warwick na Jamus ya yi suna da wenge, baƙin itace mai tauri daga dazukan Kamaru da Kongo. Mu a nan muna da maɗaci, wanda ɗan'uwan mahoganin da ake ƙera jita da shi ne. Yana karɓar sassaƙa da gam, sai dai bai kai mapul ƙarfi ba. Saboda haka a tsaga shi gida uku, a juya na tsakiya, a manne su, ta yadda kowanne zai hana ɗan'uwansa murɗewa. Obece da malaina sun yi taushi, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Ƙirya kuma, ta turmi da taɓarya, ta cika nauyi, kan jitar zai riƙa rinjaya ƙasa, kafaɗar makaɗi ta sha wuya.

Allon da yatsu ke dannawa yana son itace mai tauri da santsi, kamar madobiya ko kanya. Kuma kowane katako ka zaɓa, sai an binne sandar ƙarfe a cikinsa, mai noti da ake ɗaurewa ko sassautawa don daidaita wuyan tsakanin damina da rani.

Kafin ka tafi wurin 'yan katako, kwance tsohon wuyan (galibi sukurori huɗu ke riƙe da shi), ka auna faɗin gurbinsa, ka tafi da awon a rubuce.

Aikin yi: Idan tsawon tsirkiya inci 34 ne, ƙarfen dannawa na 12 (cikin 'yan ƙarafan da ke jere a gicciye kan allon wuya) yana daidai tsakiya. Inci nawa ke nan daga kai? Wani katako ya auna kilo 3 da giram 400, bayan wata guda ya koma kilo 3 da giram 150. Giram nawa ya ragu? Za ka fara aiki da shi, ko za ka ƙara jira? Rubuta dalilinka a layi biyu.