Yadda mai jinya zai taimaka wa majiyyaci ya samu barci bayan babbar tiyata

Wannan bayani na mai jinya ne, wanda ke shimfiɗa tabarma a gindin gado a asibitocin Yamai. Daren farko da na biyu bayan aiki, barci guntu-guntu yake zuwa. Daga wajen dare na uku kuma sai mafarkai masu nauyi su taso, mutum ya dinga firgita. Jiki ne ke rama barcin da ya rasa, kada ku tsorata.

Ku fara da ciwo, domin nan ne yawancin masu jinya ke faɗuwa. Jira suke sai majiyyaci ya fara nishi da ƙarfe biyun dare, sannan a fita neman ma'aikacin jinya a guje. A lokacin ciwo ya riga ya kama jiki, kuma ƙwayar da aka haɗiya sai ta yi kamar rabin awa zuwa awa kafin ta fara aiki. Wannan daren ya tafi ke nan. Maganin ciwo a kan lokacinsa ake ba da shi, ko majiyyaci ya yi kuka ko bai yi ba. Parasitamol, misali, ga babban da ya haura kilo 50, giram 1 ne kowace awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini, kuma mai ciwon hanta sai an rage masa. Ku roƙi majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ya daidaita lokutan yadda wani shan zai faɗo wajen ƙarfe goma na dare. Ku rubuta awannin a bayan ordonas, wato takardar magani. Maganin da likita ya rubuta kuma a saye shi tun da rana, kada dare ya yi a ce ya ƙare.

Kada ku tambayi dattijo "Baba, da ciwo?", domin "da sauƙi" zai ce, ko da cikinsa na ci da wuta. Ku dubi goshinsa in ya tamuƙe, da yadda ya damƙe bakin gado, da numfashin da yake ja sama-sama don tsoron motsa ɗinki. Ku ce ya auna muku daga 0 zuwa 10, wannan lambar ku kai wa likita. Diklofenak ko ibuprofen na ƴan tebur ba su da wuri a nan: suna iya jawo zubar jini, su taɓa ƙoda.

Sai kwanciya. A ɗaga kan gado kamar digiri 30. In gadon ba ya ɗaguwa, filo biyu a bayansa sun wadatar. Wanda aka yi wa aikin ciki a sa masa wani filon ƙarƙashin gwiwoyi don fatar ciki ta saki, a ba shi ƙarami ya dafe ɗinkin in tari ya zo. A duba robar ƙarin ruwa da ta fitsari kada su lanƙwashe, jakar fitsari kuma kullum ƙasa da mara.

Barcin dare da rana ake gyara shi. A buɗe taga da safe, in likita ya yarda ya zauna ko ya taka, a taimaka masa ko da zuwa bakin ƙofa ne. Gyangyaɗin rana kada ya wuce minti 30, kuma kada a yi shi bayan la'asar. Shayi da goro da Nescafé su tsaya daga azahar, tunda rabin ƙarfinsu na nan a jini bayan kamar awa 5. Ƴan dubiya a sallame su kafin magariba, a faɗa musu da ladabi cewa umarnin likita ne, babu mai jin haushi.

Bayan isha'i a sauke sange, a rage haske, salula a kashe mata ƙara. Lokacin zafi a tanadi mafici da tsumma mai laima saboda ɗaukewar wuta.

Kada ku ba shi Valium ko tramol daga aljihunku. Haɗa su yana danne numfashi, ga tsofaffi kuma yana kawo ruɗewa. Mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa kan tsaya cikin barci a sanar da likita tun kafin aiki. In numfashi ya gaza 10 a minti, ko kun kasa tashinsa, ko ya fara sambatu yana fizge roba, ku kira ma'aikacin dare nan take.