Yadda Ake Haɗa Ɗan-iyon Fatsa Mai Ƙarko

Ɗan-iyo shi ne ɗan abin nan da ke shawagi a kan ruwa, ya nutse idan kifi ya ja tana. A samo busasshen katako marar nauyi, ko balsa ko tsakiyar tukurwa. Ɗanye ba ya yi, domin danshin cikinsa zai kumbura fenti daga baya.

A yanki guntu mai tsawon santimita 6, kauri santimita 1 da rabi. A huda tsakiyarsa, a zura tsinken tsire mai tsawon santimita 15, a liƙe da gam da ruwa ba ya narkarwa. A fere shi kamar ƙwai, a goge da sampefa lamba 180, sannan 400. A ƙasan tsinken a lanƙwasa waya marar tsatsa ta zama ɗan zoben da zaren fatsa zai bi ta ciki, a naɗe ta a jikin tsinken da siririn zare, a ɗiga gam.

Wurin banish ne yawancin mutane ke ɓata aiki. Shafin farko a sirka banish da tina, wato ruwan tsinka fenti, rabi da rabi, don katakon ya sha sosai. Idan ya kwana, jikinsa zai yi kaushi. A sake bi da lamba 400 a hankali. Daga nan a shafa wa kan tsinken farin fenti, sannan ja ko ruwan lemo. In babu farin a ƙasa, launin dushewa yake, ba a hango shi daga nesa.

Sai shafi uku na banish, kowane siriri, da tazarar awa 24. Mai kauri yana bushewa ta sama ya bar cikinsa ɗanye, sai ya yamutse, ga ƙarin nauyi da ke rage masa motsi. A riƙa juya shi, yau a rataye kai sama, gobe kai ƙasa, kada banish ya taru gefe guda. Lokacin hunturu a rataye a cikin kwali saboda ƙura. Da damina kuwa a ƙara kwana, don laima na sa shi ya yi hazo.

Ruwa ta mahaɗar tsinke da katako yake shiga, saboda haka a cika wurin da banish sosai. Bayan mako guda a ɗaura masa darma har sai kan kawai ya rage a waje, ya kwana a bokiti. Idan da safe ya ƙara nutsewa, akwai kafa: a shanya shi kwana uku, a goge, a ƙara shafi biyu.