Yadda ake gyara suwaf idan ya daina aiki bayan sabunta kanel a Linux

Da yawa daga laftof ɗin da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da masu shagon buga takardu ke aiki da su a Bauchi na hannu ne, ram ɗinsu bai wuce giga 4 ba. Suwaf ne ke tallafe irin wannan na'ura, wato wani yanki na faifan ajiya da Linux ke juye wa kaya idan ram ya cika. Sai a sabunta kanel, wato zuciyar manhajar Linux, a sake kunnawa, kwamfuta ta tsaya cak minti ɗaya da rabi kafin ta buɗe, ko ta buɗe ta riƙa sandarewa. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake garzayawa a ce a yi fomatin. Furojet ɗin mutum ya salwanta a banza, alhali gyaran ɗan kaɗan ne.

Kafin komai, ka tabbata batirinka na da caji. Idan a tsakiyar sabuntawar aka ɗauke wuta na'urar ta mutu, fara da `sudo dpkg --configure -a` a Ubuntu ko Debian don aikin ya ƙarasa.

Sai ka buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta `swapon --show`. Idan bai nuna komai ba, suwaf a kashe yake. Rubuta `sudo swapon -a`, ka karanta ƙorafin da zai fito a tsanake, domin shi zai nuna maka hanya.

Idan ya ce bai ga yankin suwaf ɗin ba, lambar shaidar yankin ce, wato UUID, ta saɓa. Ba kanel ne ke canza ta ba; yawanci an sake gina suwaf ne, ko an ɗora wani Linux ɗin a gefe. Rubuta `sudo blkid` ka kwafi lambar layin da ke ɗauke da suwaf. Ajiye kwafin fayil ɗin fstab, wanda ke riƙe da tsohuwar lambar, tukuna:

`sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.bak`

Sannan ka buɗe shi da `sudo nano /etc/fstab` ka maye tsohuwar lambar da sabuwar. A nan mutane ke tsayawa, kuma saura wuri guda. Duba `/etc/initramfs-tools/conf.d/resume`, domin duk sabon kanel da aka ɗora daga nan ake ɗebo masa lambar. Gyara ta, ko ka rubuta `RESUME=none` in ba ka saba kwantar da na'urar a kan faifai (hibernate) ba, sannan:

`sudo update-initramfs -u -k all`

Idan kuwa ƙorafin ya ce "Invalid argument", kuma `sudo dmesg` ya nuna "swapfile has holes", fayil ɗin suwaf ne ke da ramuka. Tun Ubuntu 17.04 fayil ake amfani da shi maimakon yanki, kuma da kanel 5.7 ya fito a 2020 ya ƙi karɓar wasu fayilolin da aka gina da `fallocate`. Sake gini za a yi. Duba sunan naka a fstab; na wasu `/swap.img` ne, in haka ne sai ka sa shi a madadin `/swapfile`:

`sudo swapoff -a`
`sudo rm /swapfile`
`sudo dd if=/dev/zero of=/swapfile bs=1M count=4096`
`sudo chmod 600 /swapfile`
`sudo mkswap /swapfile`
`sudo swapon /swapfile`

Don Allah ka karanta layin `dd` sau biyu kafin ka danna. Kuskure a bayan `of=` na iya shafe faifan ɗungurungum. Wannan girman giga 4 ne, ya ishi irin na'urorinmu. Mai tsarin fayil na Btrfs kuma sai ya ƙirƙiri fayil fanko ya sa masa `chattr +C` kafin `dd`.

In abin ya ci tura, tsohon kanel na nan bai tafi ba. Riƙe Shift ko danna Esc lokacin kunnawa, ka shiga "Advanced options" na GRUB, wato allon zaɓi da ke fitowa kafin Linux ya tashi, ka zaɓi na baya, ka ci gaba da aikinka har gyara ya fito. Kada ka ɗora kanel mai "rc" a sunansa, wato na gwaji, a kan na'urar da kake neman abinci da ita. A Maris ɗin 2021 Linus Torvalds da kansa ya gargaɗi mutane kan 5.12-rc1, saboda yana rubuta bayanan suwaf a inda bai dace ba, ya lalata fayilolin da ke kan faifai.

Sake kunnawa, ka rubuta `free -h`. Layin suwaf ya nuna 4.0Gi, ba 0B ba.