Yadda ake hanzarta kwafin ajiya da maido da rumbun bayanai a PostgreSQL

Matasan da ke riƙe da sabar makarantu da ƙananan asibitoci a nan Katsina, kusan dukansu hanya guda suke bi: su bar pg_dump, umarnin ɗaukar kwafin rumbun bayanai, ya kwana yana zuba komai cikin fayil guda na SQL, a ɗauke wuta da tsakar dare, batirin inbata ya mutu, da safe a tarar da rabin fayil. Maganin shi ne a raba aikin ga ma'aikata da yawa, wato rassan umarnin da ke gudana a cikin kwamfuta, su yi a lokaci guda, a gama kafin wuta ta tafi. Da PostgreSQL, manhajar sarrafa rumbun bayanai, zan yi bayani. Masu MySQL su nemi mydumper da myloader, dabarar kusan ɗaya ce.

Da farko a manta da fayil ɗin SQL. Ba ya rabuwa, ko wajen ajiya ko wajen maidowa. Tsarin folda kaɗai ke karɓar ma'aikata da yawa wajen ajiya, kuma tun sigar 9.3 ta 2013 yake haka:

pg_dump -Fd -j 4 -f /ajiya/makaranta makaranta

A cikin foldar za ka ga toc.dat, wato jerin abin da ke cikin kwafin, da fayil guda ga kowane tebur. Dole foldar ta zama sabuwa ko wadda ba komai a cikinta. Lambar da ke bayan -j ita ce yawan ma'aikata, kuma umarnin zai buɗe haɗi 5 ne da sabar, 4 na ma'aikata da 1 na shugabansu, saboda haka a duba max_connections, wato iyakar haɗin da sabar ke karɓa, tukuna. Sunayen masu shiga rumbun ba sa cikin wannan kwafi, sai an ɗauke su daban da pg_dumpall --globals-only.

Sai zaɓen lambar, inda nake ganin yara suna faɗuwa. Yaro ya ga firosesarsa tana da kawuna 16, ya rubuta -j 16, ya zauna jiran abin al'ajabi, aikin kuma ya ƙi sauri. Dalili biyu ne. Na farko, tebur-tebur ake rabon. Ma'aikaci guda ke ɗaukar tebur guda daga farko har ƙarshe, ba a tsaga masa shi. A rumbun makaranta galibi teburin sakamakon jarrabawa ko na tarihin shiga da fita shi ne ya cinye mafi yawan wurin. Sauran ma'aikata 15 za su gama nasu cikin ɗan lokaci su yi zaune, guda ɗaya na can yana fama. Kamar 'yan dako ne a Babbar Kasuwa: ko ka tara su ashirin, in kayan ƙaton injin niƙa ne guda da doka ta ce mutum ɗaya zai ɗauka, sauran kallo ne nasu. Don haka kafin ka taɓa -j, shiga psql, manhajar buga wa PostgreSQL umarni, ka buga \dt+ ka ga girman kowane tebur. Lokacin da mafi girmansu zai ci, ba za ka taɓa sauka ƙasa da shi ba. In ya yi ƙiba da yawa, gyaran yana can wajen tsarin rumbun: a rarraba teburin shekara-shekara ko zango-zango, kowane yanki ya zama tebur mai zaman kansa da ma'aikaci zai iya ɗauka.

Dalili na biyu faifai ne. In tsohon faifai mai juyawa ne, ma'aikata da yawa sai su sa allurarsa ta yi ta tsalle, saurin ma ya ragu. Mafi muni shi ne karantawa da rubutawa a faifai guda. Ni dokata, a fara da 2, a auna da umarnin time, a koma 4, a sake aunawa, inda ƙarin ya daina rage lokaci a tsaya. A buɗe iostat, mai nuna yawan aikin faifai, a gefe, in faifai ya cika aiki to ba ma'aikata ne suka yi kaɗan ba. SSD guda, wato faifan da ba ya juyawa, ko na hannu ne, ya fi ƙarin RAM amfani a wannan aiki, kuma kuɗinsa bai kai na sabuwar saba ba. Daga siga ta 16 ta 2023 ana iya matse fayilolin da lz4 ko zstd, waɗanda suka fi gzip sauri.

Abu guda da ke kashe aikin gaba ɗaya: wani ya nemi canza tsarin tebur yayin da ake kwafi. Shugaban ya riga ya riƙe teburin, mai canjin yana layi, ma'aikacin da ya zo ɗaukar teburin ba zai jira ba, sai pg_dump ya tsaya da kuskure. A gaya wa abokan aiki, ba ALTER TABLE (canza tsarin tebur) ba TRUNCATE (share duk abin da ke cikin tebur) har a gama.

Maidowa kuwa, a ƙirƙiri rumbu sabo sannan:

pg_restore -j 4 -d makaranta_sabo /ajiya/makaranta

Nan ribar ta fi yawa, domin gina fihirisa, wato jerin da ke hanzarta bincike a tebur, shi ke cin lokaci, kuma ana gina da yawa tare. A ɗaga maintenance_work_mem, wato RAM ɗin da ake ware wa irin wannan aiki, daga 64MB ɗinsa na asali, amma a tuna kowane ma'aikaci nasa kason zai ɗiba. -j ba ya tafiya da --single-transaction, zaɓin da ke maido da komai a dunƙule guda, ba ya kuma karɓar bayanan da aka turo masa kai tsaye daga wani umarni, sai fayil ko folda a kan faifai. A fara maido da sunayen masu shiga. In an gama a buga vacuumdb --analyze-only -j 4 -d makaranta_sabo don rumbun ya sake tattara ƙididdigar teburansa, in ba haka ba rumbun zai yi ta jan ƙafa. Sannan a ƙirga layukan manyan tebura biyu ko uku a gwada da na asali.